Gwajin DNA cikin minti 90: Me zai iya yi wa iyalan waɗanda suka ɓace a Zamfara?

A Wanke da ke kusa da Gusau, da ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu, akwai gidajen da har yau ba su san makomar ɗan'uwan da 'yan bindiga suka shiga daji da shi ba. Ba a yi masa sallah ba, ba a raba gadonsa ba, matarsa kuma ba ta san ko ta shiga takaba ba. Idan wata rana aka tsinci ƙasusuwa a daji, kaya ko takalmi ba za su isa shaida ba. A nan ne gwajin DNA ke da amfani, kuma fasahar ta sauya sosai a 'yan shekarun nan.

DNA shi ne bayanin halittar mutum da ke cikin ƙwayoyin jikinsa: jini, yawu, saiwar gashi, ƙashi da haƙori. Kusan kashi 99.9 cikin 100 na wannan bayani iri ɗaya ne a tsakanin 'yan Adam, don haka ɗakin gwaji ba ya karanta shi duka. Wasu 'yan wurare yake dubawa, inda gajerun jeri ke maimaita kansu, sai ya ƙirga sau nawa suka maimaitu. Wani yana da 11 a wuri guda, wani 14. A Amurka, hukumar FBI ta ƙara adadin wuraren da ake dubawa daga 13 zuwa 20 a 2017. Sakamakon jerin lambobi ne kawai, kamar lambar IMEI ta waya, kuma da wuya mutum biyu su yi tarayya a kai in ba tagwaye masu kama ɗaya ba.

Alec Jeffreys ne ya gano hanyar a Jami'ar Leicester ta Ingila a 1984. Aikinta na farko a binciken kisan kai wanke wani matashi ne da ake zargi, kafin daga baya ta kai ga kama ainihin mai laifin, Colin Pitchfork, a 1987.

Sabon abu yanzu shi ne na'urar da ake kira Rapid DNA. Girmanta bai wuce na babbar firinta ta ofis ba. Ana goga auduga a cikin kuncin mutum, a saka ta a wani kwanso, a tura cikin na'urar, cikin kamar minti 90 ta fitar da sakamakon da a da sai an jira kwanaki ko makonni. Amurka ta yi dokar amfani da ita a 2017, kuma a 2018 an yi aiki da ita wajen gane waɗanda gobarar daji ta kashe a garin Paradise na jihar Kalifoniya.

Najeriya ta daɗe tana jin zafin rashin irin wannan. Lokacin da jirgin Dana ya faɗi a Legas ranar 3 ga Yuni, 2012, sai da aka aika samfura Ingila, iyalai suka yi ta jira. A 2017 gwamnatin Akinwunmi Ambode ta buɗe cibiyar gwajin DNA ta jihar Legas, amma aka lalata ta a rikicin EndSARS na Oktoban 2020. Ko da tana aiki, daga Gusau zuwa Legas tafiya ce ta wuni guda cur a mota.

Sai dai sayen na'ura shi ne ɓangare mafi sauƙi. Na'urar ba ta san sunan kowa ba. Kwatantawa kawai take yi. Kafin a ce waɗannan ƙasusuwa na wane ne, dole a sami samfurin mahaifiyarsa, ko mahaifinsa, ko 'ya'yansa, tunda kowa rabi ya gada daga uwa, rabi daga uba. A ƙasar Hausa lissafin yana da ɗan sarƙaƙiya. Auren zumunci yana sa dangi su yi kama da juna a gwaji fiye da yadda aka saba, kuma maza 'yan uba ɗaya suna ɗauke da alamar namiji iri ɗaya, ta yadda wannan alamar ita kaɗai ba za ta bambanta wa da ƙane ba. Wannan aikin ƙwararre ne, ba na danna maɓalli ba.

Ga kuma yanayi. Zafin rana da damshin damina suna lalata DNA, shi ya sa ake shanya tufa mai jini a saka ta a ambulan na takarda maimakon leda. Tsohon ƙashi ko jinin mutum uku da ya gauraya yakan fi ƙarfin na'urar gaggawa, sai an koma cikakken ɗakin gwaji. Musulmi kuma ba ya jinkirta jana'iza. Idan gawar da ba a san mai ita ba za ta kwanta kafin la'asar, wajibi ne a sami ma'aikacin lafiya da zai ɗauki samfuri, ya rubuta lamba, ya adana bayanin inda kabarin yake. Wannan horo ne da asibitoci irin su Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau za su iya ɗauka tun kafin a kawo wata na'ura.

Masu waya ma suna da hannu a ciki, ko ba su sani ba. Da zarar abu ya faru, matasa kan yi dafifi suna ɗaukar bidiyon WhatsApp da TikTok, wani ya ɗaga kwanson harsashi, wani ya juya hula da hannu. Kowane taɓi yana iya barin DNA ɗin mai taɓawar a kan abin, ya rufe na wanda ake nema, ko ma ya jefa mai kallo cikin zargi.

Akwai kuma tambayar wa zai riƙe bayanan. Uwar da ta ba da yawunta don a nemo ɗanta ba ta amince a yi amfani da shi wajen farautar sauran danginta ba. Dokar kare bayanan sirri ta Najeriya ta 2023 ta saka bayanan ƙwayoyin halitta cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Lambar sirrin waya idan ta fita ana canza ta cikin minti ɗaya, amma DNA ba ya canzuwa, kuma na mutum ɗaya yana tona bayanin iyayensa da 'ya'yansa.