Kaipirinya: abin shan Brazil da za a iya haɗawa a garin Lafiya ba giya

A Brazil, babu abin sha na gargajiya da ya kai kaipirinya suna. Abubuwa huɗu ake haɗawa: lemon tsami, sukari, ƙanƙara, da giyar rake da suke kira kashasa. Ana danganta asalinsa da jihar Sao Paulo, kuma a 2003 gwamnatin ƙasar ta fayyace a doka abin da ya cancanci wannan suna.

Giya dai ba ta shiga gidan Musulmi, amma sauran haɗin bai gagari mutumin Lafiya ba. Lemon tsami da rake ba sa wuya a kasuwa, zafin watan Maris kuwa ya isa dalili. Ruwan rake da aka matse yanzu-yanzu shi ke maye gurbin kashasa. In babu, ruwan soda ya wadatar.

Aikin duk yana wurin lemon. A wanke shi, a yanka gida takwas, a cire farin zaren tsakiya, don nan ɗacin yake. A zuba a kofi mai kauri da sukari cokali biyu, ko ɗaya in da ruwan rake za a yi, a danna da gindin muciya. Dannawa ake yi a hankali, har ruwan ya fito tare da ƙamshin ɓawon. Wanda ya kirɓa shi kamar sakwara, ɗaci zai sha.

Sai a cika kofin da fasasshiyar ƙanƙara, a zuba ruwan raken, a juya. A sha nan take, domin in ya jima ɓawon kan ɓata ɗanɗanon.