Kada Ado Ya Ruɗe Ki: Yadda Muka Saya Wa Yaya Dokin Angwanci

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, ko da yake soyayyar ce ta jawo shi. Abin ya faru ne a gidanmu a Badafi, cikin Ƙaramar Hukumar Ƙiru, kuma har da kuɗin littafina a ciki.

Tun da aka sa ranar Yayana ya rantse sai ya yi hawan angwanci a kan dokin kansa, ba na aro ba. Kun san mutumin Kano da doki. Wanda ya taso yana kallon Hawan Daushe da Hawan Nassarawa ba ya jin kira, balle da UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin al'adun duniya a 2024. Ya sayar da masararsa da sa guda, kuɗi ba su kai ba, ni kuma na cika masa da abin da na samu a littafina na biyu.

Ya je Maigatari ranar Alhamis, ya dawo hannu rabbana don tsada. Ana nan sai ga wani dillali da wani kili, fari tas, an yi masa wanka, an taje geza, sirdi sai walƙiya. Ni da ƙannena muna leƙe ta zaure, wallahi har na fara tunanin hoton biki. Dillali ya ce shekararsa 6, kuma a biya yau don akwai wani Alhaji da ke jira.

Baffa ya ce, "Ɗan nan, sauri ya haifi nawa. A ɗaure shi a turke kwana uku, a kira likita."

Yaya ya ɓata rai, amma ina shi ina musu da Baffa? Dillali ya yarda da ƙyar. Ashe akwai allurar kashe ciwo da ke ɓoye ɗingishi, sai ta sake shi gaskiya ta fito.

Rana ta uku likitan dabbobi ya iso kan babur. Ko kallon sirdin bai yi ba, ya ce a sauke komai. Ya sa ma'aunin zafi, ya ce na lafiyayyen doki 37.5 ne zuwa 38.5. Ya saurari zuciya, wadda ke bugawa sau 28 zuwa 44 a minti in doki na hutawa. Ya ɗaga leɓe ya duba dasashi. In ya koɗe ko ya yi ɗorawa-ɗorawa, to a yi zargin cutar jini da kaska ke sawa, ko sammore, sai an ɗebi jini a gwada. Duk nan kili ya ci jarrabawa.

Sai aka zo kan haƙora. Ya nuna wa Yaya cewa doki na famfara ne biyu-biyu sama da ƙasa: na tsakiya a shekara 2 da rabi, na kusa da su 3 da rabi, na gefe 4 da rabi, a shekara 5 baki ya cika. Akwai kuma wani zane da ke fitowa a haƙorin gefe na sama wajen shekara 10, ya kai rabi wajen 15. Na kili ya wuce rabi. Tirƙashi!

Daga nan ya naɗe ƙafar gaba ya riƙe kamar minti guda, ya saki, ya ce a ja shi da sassarfa a ƙasa mai tauri. Doki na tafiya, kai na ɗagawa duk sa'ad da ƙafar hagu ta taka. Likita ya taɓa kofaton ya ce, "Malam, ji zafi. Wannan ba zai kai ka gidan surukai ba."

Dillali ya ja dokinsa ko sallama babu. Daren nan Yaya bai ci tuwo ba. Inna ta ce, "Kai da za ka gode wa Allah? Kuɗin ƙanwarka fa ke ciki."

Bayan mako biyu aka ji labarin wani akawal a Tudun Wada. Suka bi ta Kwanar Ɗangora har da likitan. Ba shi da kwarjinin kili, amma shekararsa 7, ido garau, baya babu gyambon sirdi, kuma da aka yi sukuwa da shi numfashinsa ya dawo daidai ba tari. Likita ya ba shi maganin tsutsa, ya ce a ware shi daga sauran dabbobi tukuna, kuma kada a sauya masa abinci lokaci guda don gudun ciwon ciki: harawa, dusa, dawa kaɗan-kaɗan, da ruwa mai tsabta. Kuɗin likitan bai kai na linzami da likkafa ba.

Ranar hawa kuwa, da Yaya ya yi zamiya a ƙofar gidan amarya, guɗa har ƙarshen unguwa.

To 'yar uwa, in Yayanki ko saurayinki ya tashi sayen doki, ki ce masa a sauke sirdi tukuna. Ke ma in mai babbar riga ya zo yana cewa a yi yau-yau, ki bar su Baffa su yi bincikensu. Allah ya haɗa mu da nagari, amin.