Maigida, Hayaƙin Sigarinka Yana Kaiwa Ga Ɗan Cikin Matarka

Duk ranar awo sai ka gan su a bakin asibiti. Maigida ya sauke matarsa a babur, ta shige da katinta, shi kuwa ya nemi inuwa ya kunna sigari. A ciki ana auna ta, ana ba ta maganin ƙarin jini, ana ja mata kunne kan abin da za ta guje wa. Da dare gogan naka ya kunna wani karan a bakin gado, in ta yi magana ya ce ai taga a buɗe take.

Wace taga? Hayaƙin nan ba ya ficewa duka. Yana maƙalewa a labule da katifa da rigar da ka rungume ta da ita. Akwai sinadarai sama da 7,000 a cikinsa, kusan 70 daga ciki suna haddasa cutar kansa. Abin da uwa ta shaƙa yana bin jininta, ya rage iskar da ɗan tayi yake samu ta mabiyiya. Daga nan ake samun jariri ɗan firit, ko bakwaini, wani lokacin ma a haifi babu rai. Sai a ce ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, amma wa ya ƙyasta ashanar?

Dokar taba ta Najeriya ta 2015 ta hana shan sigari a wuraren taruwar jama'a, amma babu jami'in da zai tsaya gadi a ɗakin kwananka. Can kai ne hukuma.

Kada ka ce ba za ka iya bari ba. Da azumi tun asuba kake haƙuri har magariba. Ranar awo ta gaba, ajiye babur ka shiga tare da ita, ka gaya wa malamar asibiti cewa kana shan taba kuma kana son dainawa. Ba abin kunya ba ne. Su ma malaman awo ya kamata su riƙa tambaya game da miji, ba matar kaɗai ba. Ka tsayar da rana, ka zubar da kwalin da ashanar, ka ƙaurace wa majalisar da ake miƙa maka kara. Makon farko ne mai wuya: ciwon kai, saurin fushi, rashin barci. In kwaɗayin ya taso, sha ruwa ka ɗan zaga, cikin 'yan mintuna zai lafa.

Kuma kada ka koma wa shisha wai ta fi sauƙi. Ita ma taba ce.