Kaɗawar Murya: Adon Waƙar da Ba a Ƙwato Shi da Ƙarfi

Duk mai sauraron waƙa da kunnen basira ya san wannan abu, ko da bai san sunansa ba. Mawaƙi zai kai ƙarshen baiti, ya ja gaɓar ƙarshe ya riƙe ta, sai ka ji muryar ta soma kaɗawa, tana ɗan hawa tana ɗan sauka, a tsare, ba gargada. Ana jin haka a muryar Ummu Kulsum ta Masar, da Luciano Pavarotti na Italiya, da Whitney Houston ta Amurka. Masana kiɗa suna kiran abin bibirato. Matasa da dama masu sha'awar waƙa sun ɗauke shi a matsayin shaidar ƙwarewa, saboda haka suke neman sa ko ta halin ƙaƙa. To, a nan gizo ke saƙar. Kaɗawar murya ta gaskiya ba a ƙirƙirar ta. Tana zuwa ne da kanta idan numfashi ya daidaita, maƙogwaro ya sake.

Me ke faruwa a maƙogwaro?

A cikin maƙogwaro akwai tantani guda biyu, tsawon kowannensu bai fi santimita biyu da rabi ba ko a wajen babban namiji. Iskar da ke fitowa daga huhu ita ke sa su buɗewa da rufewa cikin tsananin sauri, wannan motsin ne muke ji a matsayin murya. Idan namiji yana magana, sukan buɗe su rufe kamar sau 100 zuwa 120 a daƙiƙa ɗaya, na mace kuwa wajen sau 200. Wani malamin waƙa ɗan ƙasar Sifaniya, Manuel García, shi ne ya leƙa nasa tantanin da ɗan madubin likitan haƙori a 1854, ya ga yadda suke motsi yana cikin rera sauti.

Tsokoki iri biyu ne ke juya wannan tantani. Ɗaya tana miƙe shi, sauti ya yi sama. Ɗayar tana tattare shi, sauti ya yi ƙasa. Idan mawaƙi ya riƙe sauti guda, tsokokin nan suna jan juna ne, kowace tana gyara wa ɗayar zama. Bayanin da masanin murya Ingo Titze da abokan aikinsa suka gabatar a 2002 shi ne, idan ja-in-jar nan ta daidaita kuma babu abin da ya ƙanƙame maƙogwaro, saƙonnin da ke kai-komo tsakanin jijiyoyi da tsokoki sukan haifar da wani ɗan motsi mai tsari. Kamar lilo ne: da zarar ya samu tura daidai, shi ke kai kansa ya komo, kuma duk wanda ya riƙe igiyar ya tsayar da shi.

An daɗe da auna wannan motsi. A shekarun 1930, Carl Seashore na Jami'ar Iowa a Amurka ya bi diddigin faya-fayan manyan mawaƙa, ya tarar kusan duk dogon sautin da suka ja yana ɗauke da kaɗawa. Abin da aka sani yanzu shi ne, kaɗawa mai daɗin ji takan kasance tsakanin sau 5 zuwa 7 a daƙiƙa, faɗinta kuma a wajen mawaƙan opera, wato wasan kwaikwayon Turawa da ake yi da waƙa, kusan tazarar da ke tsakanin maɓallan fiyano biyu maƙwabtan juna. Abin mamaki, kunne ba ya jin sauti biyu. Tsakiyarsu yake kamawa, ya ji sauti ɗaya mai kauri da zaƙi. Idan kaɗawar ta yi nawa kuma ta yi faɗi, sai muryar ta riƙa tangaɗi, wanda ake yawan ji ga wanda tsokokinsa suka gaji ko shekaru suka ja. Idan kuma ta wuce sau 8 a daƙiƙa, sai ta koma karkarwa, alamar maƙogwaro a ɗaure yake.

Hanyoyin da ba sa ɓullewa

Ka lura da mai koyo a gaban makirufo yana neman kaɗawa da ƙarfin tsiya. Haɓarsa tana rawa, jijiyoyin wuya sun fito ruɗu-ruɗu, kafaɗu sun ɗago har kusa da kunne. Wani kuma cikinsa yake bugawa, yana tura iska guntu-guntu, “ha-ha-ha”, har akwai mai danna ƙasan ƙirjinsa da yatsu. Duk waɗannan suna fitar da wani abu mai kama da kaɗawa, amma ba ita ba ce. Bugun ciki ƙarfin sauti yake sauyawa fiye da hawa da saukarsa, kuma yana cinye numfashi tun ba a kai ƙarshen baiti ba. Girgiza haɓa kuwa ɗaure harshe da muƙamuƙi yake yi, wato wuraren da ake so su sake. Gaskiya ne akan ga haɓar wasu manyan mawaƙa tana motsi, sai dai sau da yawa motsin maƙogwaro ne ya kai can, ba haɓar ce ta haifar da shi ba.

Akwai kuma ruɗin sitidiyo. Tun da manhajar Auto-Tune ta fito a 1997, mai haɗa sauti yana iya miƙe murya, ya kuma ɗora mata kaɗawa da kwamfuta. Waƙoƙin zamani da yawa, har da na finafinan Hausa, sun bi ta irin wannan gyara. Wanda ya ce sai ya kwaikwayi abin da na'ura ta yi da maƙogwaronsa, wahalar da kansa kawai zai yi.

Yadda ake share mata hanya

Aikin yana farawa daga numfashi. Ka miƙe tsaye, ka ɗora tafukan hannu a ƙasan haƙarƙari, ka ja iska har ka ji hannuwan sun buɗe gefe da gefe, kafaɗu ba su motsa ba. Sannan ka saki iskar da sautin “sss”, siririya, ba yankewa, na daƙiƙa 15 zuwa 20. Abin da ake nema shi ne ƙarshen sautin ya yi daidai da farkonsa.

Daga nan sai sassauta maƙogwaro. Ka rufe baki ka yi “mmm” har ka ji leɓɓa suna ɗan ƙaiƙayi, ko ka kaɗa leɓɓa da iska kamar yaro mai kwaikwayon ƙarar babur, kana hawa kana sauka. Masu gyaran murya suna kuma amfani da siririn bututun robar da ake shan lemo da shi: a tsoma bakinsa kaɗan a cikin rabin kofin ruwa, a rera sauti ta ciki. Ka duba kumfar da ke tasowa. Idan tana fitowa a jere, ƙanana masu girma ɗaya, iskarka ta daidaita. Idan ruwan yana fantsama ko kumfar tana ɗaukewa, akwai sauran aiki.

Bayan haka ka zaɓi sautin da ba ya ba ka wahala, ba can sama ba, ba can ƙasa ba, ka ja shi da “uu” ko “aa”. Ka fara a hankali, ka ƙara ƙarfi kaɗan-kaɗan, ka sake saukowa. Sau da yawa a wajen saukowar nan ne kaɗawa ke fara leƙowa, sau biyu ko uku, ta ɓace. Kada ka bi ta da gudu. Ka dai tuna yadda wuyanka yake a lokacin. Wasu malamai sukan sa ɗalibi ya riƙa kai-komo tsakanin sauti biyu na kusa, yana ƙara sauri har ya saki abin ya tafi da kansa. Wannan yana nuna wa maƙogwaro hanya ne kawai.

Madubi da wayar hannu sun isa su zama alƙalai. Madubi zai nuna maka haɓa da wuya, wayar kuma ta maido maka da muryarka kamar yadda mutane ke jin ta. Minti 10 zuwa 15 kullum ya fi awa biyu a rana ɗaya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Wani yakan sami kaɗawar cikin watanni, wani sai ya shekara yana yi.

Lafiyar murya

Busasshen tantani ba ya motsi yadda ya kamata, shi ya sa lokacin hunturu da ƙurarsa ke wahalar da mawaƙa. Yawan shan ruwa da isasshen barci suna taimakawa; taba, shisha, ihu da yawan kakari suna cutarwa. Zuma da citta da kanumfari suna sanyaya maƙoshi, amma ba sa taɓa tantanin murya, domin hanyar abinci daban, ta iska daban. Idan atisaye ya kawo zafi, a dakata. Idan kuma murya ta dishe har mako uku ba sauƙi, sai a ga likitan kunne, hanci da maƙogwaro.

Ba kowace waƙa ke son ta ba

Mawaƙin opera yana buƙatar kaɗawa kusan ko'ina, domin tana taimaka wa muryarsa ta fita daban a tsakiyar tarin kayan kiɗa ba tare da lasifika ba. Amma mawaƙan gargajiya na Indiya sukan riƙe sauti a miƙe, sannan su yi masa ado da lanƙwasa ta musamman wadda suka tsara da gangan. Waƙar baka ta Hausa kuwa a kan kalma ta ginu. Mamman Shata ya yi zamaninsa da zubo magana a kan kalangu, gaɓa na bin gaɓa, babu dogon ja da zai ba kaɗawa wurin zama, kuma ba wanda ya ce waƙarsa ta rasa wani abu. 'Yan amshi ma miƙaƙƙiyar murya ta fi musu, don idan kowa yana kaɗa tasa, amshin ba zai haɗu ba. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Saboda haka ma'aunin mai koyo ba yawan kaɗawa ba ne. Ma'aunin shi ne ya iya riƙe sauti a miƙe tsaf idan waƙa ta nemi haka, ya iya sakin sa ya kaɗa a inda ma'anar baitin ta buƙata, ya kuma tashi washegari muryarsa garau. Wanda ya samu waɗannan uku ya mallaki muryarsa, ko da kaɗawarsa ƙarama ce.