Ko Kun Sani? Bututun Ruwa Ma Yakan Zuƙo Ƙazanta

A Kanada da arewacin Amurka, kafin hunturu ya kama, masu ban ruwan ciyawa sukan hura iska mai ƙarfi cikin bututu su kore sauran ruwan da ke ciki. Ruwa idan ya daskare yakan kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari, ya tsage bututun.

A Hartum da Umdurman na ƙasar Sudan kuwa babu ruwan kowa da ƙanƙara, don ko a Janairu sanyin dare yakan tsaya wajen digiri 15. Matsalarsu ɗauke ruwa ce. Da zarar famfo ya ƙafe, bututun yakan zuƙo abin da ke kusa: ruwan kwata ta wurin tsaga, ko taɓon lambu ta bakin tiyon da aka yar a ƙasa. Injin jan ruwa da magidanta ke ɗaurawa kuwa ƙara zuƙowar yake yi.

A Mayun 2025, hare-haren jirage marasa matuƙa kan tashoshin lantarki suka tsayar da matatun ruwa, mutane suka koma ɗiba daga kogin Nilu, kwalara ta yi ƙamari a jihar Hartum.