Kafin a yanka ƙarfe, a fara juya injin a kwamfuta

Yau Sharaɗa za mu leƙa, wajen kamfanonin da ke buga bokiti da buta da takalman roba. Idan wani hannun ƙarfe ya karye a cikin inji, ba kullum ake jiran safaya daga Caina ba, sau da yawa a nan Kano ake ƙera wani. To amma sai a auna, a yanka, a yi walda, a zo ɗaurawa abu ya cije. Ƙarfe ya tafi, aiki ya tsaya, ma'aikata suna zaune. Wannan asarar nake so mu ga yadda ake kauce mata.

A manhajojin zanen inji irin su SolidWorks da Fusion 360 da FreeCAD, duk ƙarfen da ka zana sakakke ne, yana da hanyoyin motsi 6: gaba da baya, hagu da dama, sama da ƙasa, sannan juyi iri 3. Aikinka shi ne ka yi masa dabaibayi. Ka ce wa manhaja wannan ramin da wannan ƙusar tsakiyarsu ɗaya, wannan fuskar tana manne da waccan. Kowane dabaibayi yana rage motsi. Dubi hinjin ƙofa: an kashe 5, an bar juyi ɗaya tak. Durowa ma ɗaya ce ta rage mata, shiga da fita.

Ɗauki keken ɗinki na ƙafa. Sassa 4 ne: gindin da ba ya motsi, mataki, sandar da ke haɗawa, da ɗan hannun da ke juya wili. Idan ka haɗa su daidai a kwamfuta, ka ja ɗaya da linzami, sauran za su bi. Hannuwan da ke datse mazubi a yawancin injinan roba ma danginsu ɗaya.

Akwai ƙa'idar wani injiniya Bajamushe, Franz Grashof, ta 1883. Ka haɗa tsawon mafi gajarta da mafi tsawo. In bai wuce jimillar sauran biyun ba, gajeren zai iya cikakken zagaye. Misali santimita 10 da 40 sun ba da 50, sauran kuma 35 da 30 sun ba da 65, lafiya lau. Amma ka mai da 40 ɗin 60, ka samu 70, ya haura 65. Injin zai ɗauru tsaf, sai dai ya je rabin hanya ya tsaya cak. A takarda ba ka ganin wannan, a kwamfuta kuwa nan take. Manhajar kan kuma nuna maka inda ƙarfe biyu za su yi karo.

Abu biyu nake jan kunne a kai. Na farko, kar dabaibayi ya yi yawa. In ka ba da umarni masu cin karo da juna, manhaja za ta yi ƙorafi ko komai ya daskare. Na biyu, kwamfuta abin da ka faɗa mata kawai ta sani. Ba ta san ƙurar hunturu ba, ba ta san ƙusa ta cinye tana girgiɗi ba. Don haka ka je gaban injin ka auna da kanka, ka kuma saurari tsohon makanikin da ya shekara yana jin kukansa.

Ga mai son farawa, FreeCAD kyauta ce, kuma tun fitowar siga ta 1.0 a Nuwamban 2024 tana zuwa da sashen harhaɗa inji a cikinta. Ka fara da keken telan unguwarku: auna sassan nan 4, zana, haɗa, juya. Wanda ya gwada ya turo mana hoto mu gani.