In Rezo Ya Ɗauke: Gida Biyu Maganin Gobara

Ranar 14 ga watan Maris na shekarar 2024, manyan igiyoyin sadarwa huɗu da ke shimfiɗe ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kodebuwa. Sunayensu WACS, SAT-3, ACE da MainOne. A wannan rana intanet ya yi rauni ko ya tsaya a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma, kuma sai da aka yi makonni kafin jiragen ruwa su gama gyara. Ƙasarmu Nijar ba ta da teku, amma abin ya shafe mu, domin igiyoyinmu suna bi ta ƙasashen maƙwabta, kamar Benin da Najeriya, kafin su kai ga na teku.

A yau ɗan ci-rani da waya yake aiko wa iyalinsa kuɗi. Ɗan kasuwar Maradi da ita yake jin farashin wake da na albasa. Ma'aikacin gwamnati da ita yake aika rahoto Yamai. Saboda haka ɗaukewar rezo ba ƙaramin al'amari ba ne. Amma ba iri ɗaya ba ce. Wanda ya san irin wadda ta same shi, shi ne zai san maganinta.

Ɗaukewa iri uku

Ta farko, yankewar igiya. Cikin igiyar akwai zaren gilashi siriri kamar gashi, wanda haske ke bi yana ɗauke da saƙonni. In ta teku ce ta yanke, intanet ne ke wahala, amma kiran waya da gajeren saƙon rubutu na cikin ƙasa sukan ci gaba da aiki. In kuwa masu haƙa a bakin hanya suka sare wadda aka binne tsakanin garuruwa, to yanki guda yana iya rasa kome.

Ta biyu, rashin wutar lantarki. Dogon ƙarfen nan na antena da kuke gani a bakin gari ba ya aiki sai da wuta, ko ta Nigelec, ko ta inji mai shan gazuwal, ko ta hasken rana da batura. A watan Agusta na 2023 Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, wadda a lokacin ta kai wajen kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasa ke amfani da shi, ba a maido ta ba sai a watan Maris na 2024. A irin wannan hali, in baturan antena suka ƙare, ko wayarka a cike take ba za ta yi magana ba.

Ta uku, rufewa da umurnin hukuma. A watan Satumba na 2021 an rufe rezo a jihar Zamfara da wasu yankunan Katsina da Sakkwato saboda ƴan bindiga. Iyalai da yawa na wannan gefen iyaka sun daɗe ba su ji muryar danginsu na can ba. Irin wannan ba ta da mai gyara, sai ranar da aka buɗe.

Tanadin maigida

Manomi ba ya jiran fari kafin ya gina rumbun tsimi. Haka ya kamata mai waya ya yi.

Ya mallaki layi biyu na kamfanoni dabam-dabam. Muna da huɗu a ƙasar nan: Niger Telecoms, Airtel, Moov Africa da Zamani Telecom. Hausawa sun ce gida biyu maganin gobara. Sai dai a sani, wani lokaci kamfanoni biyu kan yi tarayya a ƙarfe ɗaya ko igiya ɗaya, su ɗauke tare.

Ya rubuta lambobi masu muhimmanci a takarda: na dangi, na gidan likita, na mai mota, na maigari. Ku da kuka yi karatun yaƙi da jahilci, ga ranar alƙalaminku. In waya ta mutu, takarda ba ta mutuwa, kuma da ita za ka ari wayar maƙwabci ka yi kira.

Kada ya zuba dukan kuɗinsa cikin waya. A ajiye na cefanen ƴan kwanaki da na magani a hannu. Mai mace mai ciki ko marar lafiya a gida ya shirya tun yau da wanda zai ɗauke su, ya san ƙofar gidansa, ba lambarsa kaɗai ba.

Ranar da abin ya faru

A fara da bincike. In intanet ya ƙi, a gwada kira. In kira ya ƙi shiga, a aika gajeren saƙon rubutu, domin ba shi da nauyi, yakan wuce ko da rezo ya yi rauni. Aikin kuɗi da ake yi da lambobin nan masu tauraro shi ma ba ya bukatar intanet. In babu rezo sam, a kashe wayar, a riƙa kunna ta lokaci-lokaci, domin wayar da ke neman rezo ba ta samu ba tana saurin shanye baturinta.

Wanda ya aika kuɗi rezo ya ɗauke kafin saƙon tabbaci ya zo, kada ya yi gaggawar sake aikawa. Ya rubuta lokaci da adadi, ya jira, don kada ya biya sau biyu.

A kunna rediyo. Muryar Sahel da gidajen rediyon karkara su ne abin dogaro a irin wannan rana, domin inda labari ya yanke, nan jita-jita ke tsiro.

Nauyin da ke kan ma'aikata

Ofishin magajin gari, gidan likita da makaranta bai kamata su rufe ƙofa don kwamfuta ta kasa samun intanet ba. Talakan da ya yi tafiyar yini guda neman takardar haihuwa, zalunci ne a ce masa: «Babu rezo, koma sai gobe.» Kowane ofishi ya tanadi babban littafin rajista da takardun cikawa, a rubuta da hannu, in rezo ya dawo a shigar. Shugaban aiki kuma ya tsara tun da wuri yadda saƙon gaggawa zai kai gari na gaba, ko da babur ne.

Sarakuna da masu gari su ma suna da nasu rabo. Antenar da ke bakin gari dukiyar jama'a ce, kamar rijiya. Wanda ya saci baturinta ko gazuwal ɗinta, gari duka ya cuta. Mai haƙa kusa da babbar hanya ya tambaya kafin ya sa diga.

Jama'a, rezo zai sake ɗaukewa, ba mu dai san ranar ba. Littafin lambobi, layi na biyu, ɗan kuɗi a hannu da rediyo mai batur ba su fi ƙarfin kowa ba. Mu tanade su tun yau, domin don gobe ake wanke tukunya.